Nankarwar Mas'uda

Tun da Mas'uda ta dawo daga wankan jego a Gwiwa, ba ta sauya zani sai ta sakaya ƙofa. Haihuwa ta bar mata nankarwa a ciki, tana tsoron ranar da mijinta Nafi'u zai gani ya kau da kai.

Ran nan da hantsi ruwa ya koro shi daga gona, ƙarar ruwan a kan kwanon rufi ta haɗiye sallamarsa. Ya same ta tana murza man kaɗanya a cikinta. Ta yi wuf ta ja zani.

"Malam, don Allah fita. Ba abin kallo ba ne."

Bai fita ba. Ya durƙusa da taɓo a ƙafarsa, ya daɗe yana duban layukan da zanin bai rufe ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Nan yarinyar nan ta zauna?"

"Inna ta ce man zai goge su."

"Wa ya ce a goge? Ni manomi ne, Mas'uda. Inda ruwa ya bar sawu, can ƙasa ta fi albarka."

Ta ɗago ta ga ƙwalla a idonsa, hannunta ya saki bakin zanin. Gefen hagu na cikin nata dai bai samu mai ba ranar, kuma har yau bai samu ba.