Garin da Ke Cikin Wayar Tahir

Tahir, malamin gona, ya ɗaga wayarsa a gaban mutanen wani ƙauye kusa da Tsanyawa.

"Ku dubi garin nan, yashi ya binne shi. Idan ba mu daina sare itatuwa ba, haka namu zai koma."

"Malam, hoton bogi ne," in ji Usaini mai faskare. "Yanzu babu abin da waya ba ta haɗawa."

Tahir ma daga ofis aka turo masa hoton, bai san ko ina ne ba.

Wayar ta zagaya har hannun Inna Amsa mai daddawa, wadda ta zo daga gabas shekara talatin da suka wuce, ba ta taɓa faɗin dalili ba.

Ta daɗe tana kallo.

"Inna, lafiya?" Tahir ya tambaya.

Ta ɗora yatsa a kan wani gini da kansa kawai ya leƙo daga yashi.

"Ɗakina ne wannan. 'Ya'yana biyu na kwance a bayansa." Ta ɗago ta dubi gonaki. "Kuma wallahi, itatuwanmu sun fi naku yawa."