Mai Sayen Awaki a Shekarar Fari

Kai da ka zo kana rawar jiki wai kasuwar hannun jari ta faɗi, ƙananan kamfanoni sun yi araha kamar a ce zo ka kwasa, zauna tukuna. Ni araha tsoro take ba ni. Saurari wannan misali.

A wata shekarar fari, wani manomi ya wayi gari turakunsa wayam, jaki ɗaya ya rage masa. Ya sayar da shi, ya ƙulle kuɗin a lalita ya nufi kasuwar dabbobi, ya kuwa san in ya yi kuskure a wannan sayen, gonar gado ce za ta bi bayan jakin. Kasuwa ta karye, kowa neman rabuwa yake da dabbarsa kafin ta mutu a hannunsa. Wani dillali ya tare shi baki har kunne, ya ja shi gaban wasu tumaki masu tumbi, yana ta rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Manomin ya ƙura musu ido. Ciyawa ta ƙone ko'ina, to waɗannan a ina suka ƙoshi? Ya danna cikin ɗaya da yatsa, ya ji ruwa yana kai-kawo. Ashe kanwa aka ɗura musu suka yi ta shan ruwa! Sai ya wuce can gefe inda aka ɗaure wasu ƙananan awaki, ƙashi da fata, ba mai ko kallonsu. Su ma bai yarda da su ba, don rama iri biyu ce, akwai ta yunwa, akwai ta cuta, ido kuwa ba ya raba su. Sai ya zaro guntun busasshen karan dawa daga aljihu. Bai zo da dusa ba, don dusa ko marar lafiya takan lasa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa musu. Wasu suka shinshina suka kau da kai, wasu suka cafke har da fizgar hannun rigarsa. Waɗannan ya saya.

Da ya koro su gida, uwargidansa ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, jakin namu ne ya koma haka?" Shi ma dai hankalinsa bai kwanta ba. Rani ya yi tsawo. Wani maƙwabcinsa ne ya saye tumakin nan masu tumbi, kafin wata ya zagayo ungulaye sun san hanyar bayan gidansa. Awakin manomi kuwa, wallahi har zanan gidan suka cinye, suka koma kan ɓawon itace. Ɗaya dai ta mutu, ai ba a rasa ba. Sauran suka kai damina, suka haihu, gonar gado ta zauna a hannunsa.

To kai ma, bar tambayar wanne ya fi araha. Bincika ka ga wanne ne ke iya rayuwa da busasshen kara, kuma ka kiyayi mai yawan rantsuwa. Hausawa sun ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.