Takardar da Wuta Ta Ci

Wutar daji ta cinye gidan wani tsoho da matarsa a bayan garin Melbourne, har da takardar aurensu da ta shekara arba'in da ɗaya a bango. Malamin majami'a ya tuna musu doka: Bayahude ba ya zama da matarsa babu takardar nan. Akwai bugaggiya, in sun so su karɓa yau.

Matar ta ƙi. Ita sai rubutun hannu, da baƙaƙen Ibrananci, da baitocin ƙauna na littafi mai tsarki kewaye da gefe kamar reshen inabi.

Ta koma gidan 'yarsu, shi kuma ya raɓe a falon ƙaninsa, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kullum da safe sai ya kai mata burodi mai zafi, ya zarce wurin matar da ke rubuta musu takardar.

"Baiwar Allah, kwana goma sha biyu fa. Littafi kike rubutawa?"

"Ruwan zinariyar bai bushe ba, Baba."

Ranar Alhamis haƙurinsa ya ƙare, ya tura ƙofar ba sallama. Ga takarda kan tebur, an gama ta tsaf. Ga matarsa zaune da shayi, ta ba ƙofa baya.

"Ki ƙara masa mako guda," take ce wa mai rubutun. "Wancan karon da mahaifina ya gama magana. Ban taɓa sanin daɗin a zo zance wurina ba sai yanzu."

Ya ja ƙofar a hankali, ya gyara hularsa, ya nufi shagon furanni.