Mafarkin Inna Tabawa

Tun da mutanen ƙetare suka dawo suka karɓi mulki, kowane ma'aikaci yakan zuba mafarki ɗaya duk Juma'a a Asusun Tsufa, don a mayar masa idan ƙarfi ya ƙare. Shekara talatin Inna Tabawa ta yi a masaƙar gwamnati tana zubawa.

Da hantsi ta je ofis karɓar nata.

"Inna, wanne za a ba ki?" in ji Isuhu akawu.

"Na bakin rafi, ɗan nan. Wanda mijina marigayi Mati yake wanke mini ƙafa."

Isuhu ya daɗe yana duba kwalabe. "Kwamitin bita ya zauna bara, Inna. An kwashe masu daɗin an kai ƙasarsu, wai tsofaffinsu ba sa mafarkin kirki. Ga nasu an aiko mana."

Ya miƙo mata kwalba mai sanyi. Ta kara a kunne, ta ji iska tana yawo cikin ɗakin da babu kowa.

"To," ta ce, tana gyara mayafi. "Ka rubuta musu. Duk wadda ta samu, ta bari ya gama. Da ƙafar hagu yake farawa, kuma ba ya son gaggawa."