Lamba Arba'in da Biyar

Ranar Talata, huɗu ga Janairu, Graeme Pascoe ya dawo Perth daga mahaƙar ƙarfe ta Pilbara, ya tarar da ɓangarensa na katifa a kan arba'in da biyar.

Katifar iska ce mai ɓangare biyu, kowanne da jakar iskarsa da madannin da ake ƙara masa tauri ko laushi. Nasa saba'in, saboda ciwon bayan da tuƙin motar dakon dutse ya bar masa. Na matarsa Narelle talatin. Shekara shida lambobin nan ba su gusa ba. Mako biyu yake yi a bakin aiki, ɗaya a gida, kuma duk abin da ya shafi bayansa sai ya shiga littafi, domin likitan kamfani na gwada shi duk wata shida. Wanda ya faɗi gwajin ya yi ban kwana da sitiyari.

Ya mayar da lambar saba'in, ya rubuta kwanan wata a littafin.

Dawowa ta biyu, arba'in da biyar. Ta uku ma haka. Da iskar ce ke zurarewa, da lambar ta riƙa bambanta. Wannan kuwa hannu ne ya zaɓe ta, kuma ba tasa ba ce, ba ta Narelle ba.

A ɗakin cin abinci na ma'aikata ya nuna wa abokin tuƙinsa Wiremu littafin.

"Kai, Pascoe! Mutane na kama kwarto da takalmi a bakin ƙofa, kai kuma da lissafi," in ji Wiremu yana ƙyaƙyata dariya. "To, malamin lissafi, kilo nawa ne mutumin?"

Graeme bai yi dariya ba. Ya riga ya ƙiyasta: matsakaicin jiki ne.

Daga nan littafin ya fara ɗaukar wasu abubuwa. Narelle ta daina barinsa ya gyara gado. Ta ninka bargo biyu a ɓangarenta, alhali a ƙasar lokacin ana tsakiyar zafi. Kullum takan riga shi tashi, tana dafe da ƙugu, ta ce tsayuwar aikinta na kanti ce. Sau biyu wayarta ta yi ƙara ta fice baranda, kuma a na biyun ya ji ta sarai: "A'a, kada ka zo wannan makon, yana gida."

Ranar Litinin, bakwai ga Maris, ya hau jirgin sama kwana guda kafin ranar dawowarsa, da katin lauya a aljihu. Da hantsi ya iso. Wata farar mota na tsaye a ƙofar gidansa, muryar namiji na fitowa daga ɗakin kwana.

Ya tura ƙofar. Wani dattijo na durƙushe gaban katifar, an zuge ta, ga jakar iska guda yashe a ƙasa kamar busasshiyar fata. Narelle na tsaye jikin taga.

"Wane ne wannan?"

"Mai gyara ne, Graeme," ta ce a hankali. "Gobe fa muke tsammaninka."

"Au, kai ne maigidan?" in ji dattijon. "A yi mana afuwa, sabuwar jakar sai da ta yi wata uku a hanya. Ɓangaren uwargida ba iska ko ta kwabo, a kan katako take kwana in kana nan. Ni na ce in ka tafi ta koma naka, ta sa arba'in da biyar, ko ƙugun ya huta."

Graeme ya juya ga matarsa.

"Me ya hana ki gaya mini taki ta fashe?"

Dattijon ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya birkice jakar da ke ƙasa, ya ɗora yatsa a kan tambarinta.

"Tata? Ai tata lafiya lau take, a kanta kake kwana tun Disamba. Wannan da ta fashe taka ce. Da hannunta ta musanya su, saura mako guda a gwada bayanka."