Kada Ka Huda Ƙofofin

Jamil kafinta yana durƙushe a kicin ɗin gidan da ya kama musu a unguwar Sabo, sai ga Ramlat, wadda aka sa musu rana. Kabad ɗin a kwali ya sayo ya harhaɗa, amma korayen ƙofofin da dutsen saman ita ta zaɓa.

"Mariƙan ƙofofin kawai suka rage," ya ce. "Miƙa hannu in ga inda zan huda."

Ba ta miƙa ba.

"Jikin Inna ya ƙi. Zan mai da ita Gusau, kuma can zan zauna."

"Zan jira ki."

Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar kabad ɗin ta sama.

"Kada ka huda, Yaya Jamil. Wataƙila wadda za ta shigo ta fi ni tsawo."