Abin da Bai Yarda Ba

"Kujerun fa?" ta tambaya, biro a hannunta.

"Ɗauki," in ji mijin, idonsa na kan waya.

Firji, ɗauki. Labulen da suka yi rabin yini suna zaɓe a kasuwa, ɗauki. Shekara goma sha ɗaya da aure, yau sun amince su rabu, kuma yana sallama mata gidan kamar mai neman kai da shara. Yayarta da ta zo shaida sai yaba shi take: "Kin ga mutumin kirki, ko musu babu."

Matar ta ajiye biron. Babbar maganar, wato zancen 'yarsu, ita ta bari sai ƙarshe, don ta kwana uku tana shirya hujjojinta.

"Yarinyar a wurina za ta zauna."

"Ba damuwa," ya ce. Ko kai bai ɗaga ba.

Ko kai! 'Yar da ta kwaso kamanninsa har tafiya! Ta shiga tura tarkacen kan tebur cikin jaka, duk abin da ta samu.

Sai ga shi ya miƙe zumbur, har kujera ta kife.

"Ke, dakata! Cajar nan tawa ce."